Ba Kwalta, Ba Aure

Masu karatu, ku yi haƙuri da kurakuran rubutun yau. Da hannu ɗaya nake danna wayar, ɗayan duk ya yi bororo, Mama ta shafa min man shanu ta ɗaure da tsumma. Ni ce dai Ilinca, 'yar Costică mai tarakta ta ƙauyen Ulmeasa, wadda aka zo neman aurenta ranar Asabar ta ƙare da diga a kafaɗa. Sababbin zuwa ku matso, zan ɗan koma baya saboda ku.

Hanya ɗaya ce ta haɗa mu da duniya. Daga ƙofar coci take gangarawa, ta ratsa gonakin masara, ta faɗa babban titi. An ce an taɓa zuba mata kwalta lokacin Kaka tana amarya, kuma har yanzu idan ka duba da kyau za ka ga ɓurɓushinsa nan da can. Sauran duk ramuka ne, kowanne da sunansa. Akwai Ramin Fada, inda tayar motar Fada, limamin cocinmu, ta fice ta riga shi isa gida. Akwai Bahon Agwagi, wanda ba ya bushewa ko da rani. Sai Ramin Dorina, shi ne ya jawo min duk wannan masifar.

Dorina yayata ce, tana aure a birnin Brașov. Wata shekara da bikin Ista mijinta ya kawo ta gida a sabuwar motarsa, ramin nan ya cire masa salansa gaba ɗaya. Ya fito ya tsaya a kan salansar kamar an yi masa mutuwa, ya rantse shi da Ulmeasa har abada. Tun daga nan a waya muke ganin Dorina, a waya muka ga ɗanta ya fara tafiya. Tata, wato babana, ya bari sai da aka kwana biyu. Rannan ya je ƙofar kantin ƙauye, inda maza ke zaman hira, ya cire hularsa ya ce, "Ku shaida. Saura 'ya ɗaya gare ni, kuma ba mai ɗaukar ta sai an zuba wa hanyar nan kwalta. Ba kwalta, ba aure."

A garinmu abin da namiji ya faɗa a ƙofar kanti ya faɗu ke nan. Ko shi da kansa ba shi da ikon janyewa.

To, a cikin wannan halin Allah ya kawo min Tiberiu, wanda nake kira Tibi. Ma'aikacin hukumar hanyoyi ne, aikinsa auna hanya. Bara da kaka ya zo ya shimfiɗa wata baƙar tiyo ta ratsa hanyarmu, ya jona ta da ƙaramin akwati a gindin turken waya. Ya ce duk tayar da ta taka tiyon, akwatin zai ƙirga, don hukuma ba ta gyara hanyar da ba a bin ta. Kafin ya rufe baki labari ya gama ƙauye. Tata ya wuni yana kai da kawo da tarakta babu ko kaya. Limami ya tuna yana da marasa lafiya a ƙetaren tiyon, ya riƙa duba su har suka gaji da shi. Ni kuwa Mama ta ɗora min kwanon tuwon masara da cuku ta ce in je in ɗauke wa yaron hankali.

Na same shi a tsugune gaban akwatin, dogo, siriri, gilashinsa ya zamo kan hanci.

"Ke 'yar mai jar tarakta ce?" ya tambaya ba tare da ya ɗago ba.

"Ni ce."

"Ki gaya masa akwatin yana gane tazarar tayoyi. Duk na cire zirga-zirgarsa. Kuma don Allah tsohuwar nan mai baƙin ɗankwali ta daina tsalle a kan tiyon, akwatin ya rubuta ta a matsayin babur."

Kakata ce. Dariya ta kama ni har kwanon ya kusa suɓucewa, ya ɗago ya kalle ni, kunnuwansa suka yi ja. Daga nan aka fara.

Ku da samarinku ke turo muku baitoci, ku gode wa Allah. Ni na taɓa tambayar Tibi ko ina da kyau, ya tsaya yana tunani na gaske, sannan ya ce, "Kin wuce matsakaici nesa ba kusa ba." Ranar da ya fara cewa yana sona ta waya ya rubuto: "Tun da na san ki akwai cunkoso a ƙirjina safe da yamma." Amma mutum ne da bai taɓa yi min ƙarya ba, ko ta wasa. Idan ya ce zai kira, zai kira. Ina sonsa, jama'a, ina sonsa har ina jin haushin kaina.

Shi ya yi min bayanin launukan. A ofishinsu akwai taswira, kowace hanya da launinta. Kore lafiya lau, rawaya za ta iya jira, ja kuwa sai kwalta. Ƙirgar motoci mun tsallake da kyar, bayan ya cire Tata da limami da Kaka. Abin da ya rage shi ne wata farar mota mai na'ura a hanci, wadda ke bin hanya tana auna girgiza. Shekara bibbiyu take zagayowa. Tibi ya ce in kwantar da hankalina, hanyarmu ko makaho aka ɗora a baro zai ce ja ce.

Mama ce ta ƙi jira. Kullum da safe tana yanka kabeji tana yanka ni.

"Ke dai zauna nan. Yaro mai aikin gwamnati, ba ya shan sigari, ya ci tuwona ya nemi ƙari. Kina ganin 'yan matan ofishinsu makafi ne? Ki ce ya kawo uwarsa a yi magana. Shi kuma wancan mai taurin kan, idan ya ga baƙi a falonsa kunya za ta sa ya sauko."

Tata na zaune a wurin, ya ci gaba da shan miyarsa kamar da bango ake.

Aka sa Asabar. Uwar Tibi, Madam Otilia, tsohuwar shugabar makaranta ce, mai ciwon baya, wadda ba ta taɓa taka ƙauye irin namu ba. Kun san yadda muke idan babban baƙo zai zo. A share ƙofar gida, a shafa wa gindin bishiyoyi farar ƙasa, a kulle kaji, a fito da labulen da ba a taɓawa. Ranar Juma'a da hantsi ina goge tagogi sai na ga Tata ya wuce da tirela cike da tsakuwa da jar ƙasa, mazan ƙauye na biye da shi da shebur. Wuni guda suka yi. Suka cike Ramin Fada, suka kori agwagi suka cike bahonsu, suka cika tsohuwar ganga da ruwa suka riƙa mirgina ta a kai har wurin ya kwanta sumul. Da yamma Tata ya shigo jikinsa duk ƙura, ya ce, "Ba za a ce matar mutane ta zo gidana bayanta ya karye ba."

Ni kuwa, shashasha, har daɗi na ji. Na ɗauki waya na rubuta wa Tibi: "Tata na shirya muku abin mamaki."

Ya amso: "Ni ma ina da nawa. Ki sa ran kuka, amma na murna."

Na tura masa hoton zuciya, na je na kwanta hankalina kwance.

Ranar Asabar na sa farar rigar da Kaka ta yi wa aikin hannu ja da baƙi a wuya da hannuwa, da siket mai ruwan goro, da takalmi mai tsini da Dorina ta aiko min. Mama ta ɗaure min gashi ta cusa min fure a gefe. Teburin falo har yana lanƙwasa: tukunyar sarmale, naman nan da shinkafa da ake naɗewa a ganyen kabeji, ga tuwon masara, ga gasassun kaji, ga burodi mai zaƙi da gyaɗar turawa a ciki. Tata ya matse cikin kwat ɗin da ya sa ranar auren Dorina, maɓallin ciki yana neman ceto.

Wajen azahar muka ji ƙarar mota. Na leƙa ta labule. Ƙaramar motar Tibi ce a gaba, a bayanta kuma wata farar mota mai wani ƙarfe a hanci da fitila a ka.

Wayyo, motar awo ce!

Madam Otilia ce ta fara fitowa, da jaka a hannu da gashi a kumbure, tana murmushi. "Tiberiu, kai da ka ce min hanyar nan azaba ce? Har maganin ciwon baya na sha. Barci na yi, Malam Costică, barci mai daɗi!"

Tata ya sumbaci hannunta, ƙirjinsa ya ƙara faɗi, maɓallin ya ƙara shiga uku. Tibi ya fito da furanni a hannu ɗaya da kwamfutar hannu a ɗayan, fuskarsa fara fat kamar gindin bishiyoyinmu.

"Nea Costică," ya ce da murya ƙasa-ƙasa (Nea ɗin nan kamar a ce Baba ne a wurinmu), "ina ramukan?"

"Wane ramuka, ɗana? Mu nan ba mu san rami ba." Tata ya ƙyafta min ido.

"Na roƙa a sa zagayen motar awo ya faɗo yau. So na yi in miƙa maka jar taswira tare da furannin, in ce ga kwaltarka nan tafe, ka ba ni Ilinca." Ya juyo da kwamfutar. Wani siririn layi ya taso daga babban titi har ƙofar coci, launinsa rawaya.

"Rawaya kuma me ke nan?" in ji Tata.

"Za ta iya jira."

"Har yaushe?"

"Sai motar ta sake zagayowa. Shekara biyu."

Wani zakara da ya kuɓuce daga kulle ya zo ya tsaya tsakaninmu yana kallon kowa. Madam Otilia ta ce ita fa ba ta gane ba, ba abin murna ba ne a ce hanya tana da kyau? Mama ta kama hannunta ta ja ta ciki tana cewa abinci zai huce, ta kuma yafito direban farar motar, wani mai tumbi da ake kira Nea Fane, ta ce shi ma ba inda za shi da yunwa.

Na ja Tibi bayan gida, wajen igiyar shanya.

"Ka canza shi."

"Me?"

"Launin. Ka danna wani abu ya koma ja. Kai ma ka san ja ce, ka san Bahon Agwagi, a ciki takalminka ya taɓa maƙalewa!"

"Na sani. Amma na'urar ba ta gani ba."

"Na'urar za ka aura ko ni?"

Ya cire gilashinsa ya goge da nektayi. "Ilinca, idan na canza yau saboda ke, gobe wani zai canza saboda wata. Akwai ƙauyukan da motar asibiti ba ta iya shiga, su ma jira suke. Ba zan iya ba."

Na so in mare shi, na so in rungume shi, na rasa wanne zan fara. Na ce masa ya je ya ci sarmale shi da gaskiyarsa, na shige ɗakin girki na yi kukan da ya yi min alkawari, sai dai ba na murna ba. Shekara biyu! Kuma wa ya ce a lokacin ba za a sake yin wani babban baƙon ba?

Daga nan nake jiyo falo. Nea Fane ne kawai ke magana, bakinsa cike.

"Ai ni sauri nake, Madam, don sai na auna sauka ma. Hawa daban, sauka daban, kowane hannu da nasa awon. Wanda ya fi muni shi ofis ke ɗauka."

Na ɗago kai. Mama na tsaye a bakin ƙofa da cokali a hannu. Ta kalle ni, na kalle ta, ta karkata kai wajen rumbun kayan aiki. Sannan ta juya da wata murya mai zaƙi da ban taɓa jin ta da ita ba. "Nea Fane, sauri kuma? Ko kazar ba ka taɓa ba. Raina girkina ka yi? Miƙo farantin nan."

Na fita ta ƙofar baya na ɗauki diga.

Ku hango ni, jama'a. Rigar Kaka, takalmi mai tsini, fure a ka, ina gangarawa tsakiyar rana da diga a kafaɗa. Matan ƙauye na leƙe ta kan shinge, ba wadda ta tambaye ni, wata ma cewa ta yi, "Allah ya ba da sa'a, amarya." Na wuce coci na tsaya inda nake zaton Ramin Dorina yake, na ɗaga digar na kafta. Tata ya iya aiki, ƙasar ta kama kamar siminti. Na kafta, na sake kaftawa, gumi ya wanke min hoda, tafin hannuna ya fara zafi. Abin da na haƙa bai fi kwanon miya ba.

"Ba nan yake ba."

Na juya. Tibi ne, yana haki, nektayinsa ya koma kafaɗa.

"Ka koma wajen na'urarka," na ce.

"Ramin Dorina ba nan yake ba. Yana gaba kaɗan, daidai turken wayar can, kuma ya fi karkata hagu." Ya zaro wayarsa ya nuna min. Hotunan ramukanmu ne tun na bara, kowanne da sandar awo a ciki. Hotunana da ke wayar ba su kai rabinsu ba, amma wannan faɗan na wata rana ne.

"To sai me?"

"Idan kika haƙa sabon rami, zamba ce, kuma dole in kai rahoto." Ya cire kwat ɗinsa ya ninke ya ɗora a kan shinge. "Amma idan aka mayar da tsoho inda yake, da faɗinsa da zurfinsa, gyaran kuskuren awo ne. Kawo digar."

Na rantse muku, duk kalaman soyayyar da ake rubutawa a duniya ba wanda ya kai wannan a kunnena. Na miƙa masa. Ya kafta sau ɗaya, digar ta yi tsalle ta kusa cire masa yatsan ƙafa. Muka riƙa karɓa-karɓa, yana duba hoto yana cewa in ƙara ta nan, in rage ta can. Da kyar muka fito da rabin Ramin Dorina. Na dubi hanyar da ta miƙe har ƙasan kwari, sumul, na san ko Nea Fane zai cinye kajin Ulmeasa duka ba za mu gama ba.

Sai muka ji tarakta.

Tana gangarowa daga wajen coci, Tata a kai, har yanzu da kwat ɗinsa, maɓallin dai ya tafi. A bayanta ya ɗaura babbar garmar da yake kaftun gona da ita. Ya tsaya daidai mu ya rage wuta. Ya dubi rigata, ya dubi hannuna, ya daɗe yana kallon rabin ramin.

"Ba don bayan matar nan na cike su ba," ya ce, ba ya kallon kowa. "So na yi ta ga hanyar ba wuya. In ta ga ba wuya, za ta bar ki ki riƙa zuwa. Ɗan Dorina bai san ƙamshina ba, Ilinca. A waya yake ce min kaka, da yatsa yake taɓa fuskata a gilashi."

Duk tsawon lokacin nan ina ɗauka taurin kai ne.

"Tata..."

"Matsa gefe. Ni na cike, ni zan buɗe." Ya juya ga Tibi. "Ja ka ce kana so, ko? Za ka ga ja."

Ya ja wani ƙarfe, garmar ta sauka ta nutse a hanya. Ya taka wuta. Ƙasa ta fara tashi gefe da gefe, tsakuwa da jar ƙasa da ragowar kwaltar zamanin Kaka, duk suna kifewa a kunya-kunya kamar za a shuka dankali. Na fara tsalle ina tafi. Sai na ga Tibi ya dafe kai da hannu biyu.

"Nea Costică! Tsaya! Ya yi yawa!"

"Mene ne kuma?" na ce. "Ba muni ake so ba?"

"Akwai baƙi!"

"Wane baƙi?"

"Launi, Ilinca, bayan ja akwai baƙi! Ban taɓa gaya miki ba don ban taɓa ganin an samu ba. Idan girgizar ta wuce abin da na'ura ke iya karantawa, sai a ce ba hanya ba ce, burtalin gona ne. Cire ta ake yi daga taswira gaba ɗaya. Ba mai sake zuwa auna ta!"

Tata kuwa shekarun da ya yi a kan tarakta sun cinye masa kunne ɗaya, ɗayan ma sai an yi ihu. Ya riga ya yi nisa, ya doshi Bahon Agwagi. Daga can sama, wajen gidanmu, na ji hon ɗin farar motar, alamar Nea Fane ya ƙoshi.

Na fizge takalman Dorina na jefar, na tattare siket na zuba a guje cikin kunyoyin, ina faɗuwa ina tashi, ina ɗaga hannu biyu ina kiran Tata, Tata. Ya hango ni ta madubi. Ya ga 'yarsa a kan hanyar nan tana tahowa wurinsa da gudu, hannuwa a buɗe. Tun ranar da Dorina ta tafi ban ga fuskarsa ta yi irin wannan hasken ba. Ya ɗago min hannu shi ma, ya ƙara wuta.